Allura Cikin Ruwa

A Tromso rana ta yi yaji tun ƙarshen Nuwamba,
ƙarfe biyu na azahar fitilun titi na ci.
Solfrid ta karkaɗe ƙanƙara daga takalmi,
ta kara kati a jikin ƙofa, ƙofa ta yi ƙit, ta ba ta hanya.

Kundinta kan masunta ne, masu bin kifin hunturu.
Babi uku sun tafi sumul,
na huɗu ya ƙi ci, ya ƙi cinyewa.
Malamarta ta bi gefen shafi da jan biro:
“Wa ya faɗa? A ina? Kawo madogara.”

Ta tambayi kwamfuta. Kwamfuta ba ta san kawaici ba,
ta juye mata amsa dubu goma sha ɗaya,
har da yadda ake miyar kan kifi
da rahusar ƙugiya.

A teburin tambaya akwai Torleiv,
dattijo mai rigar ulu da ta ƙoƙe a gwiwar hannu.
Bai ce mata sannu da wahala ba.
Ya jawo kujera ya ce, “Komarki ta cika faɗi.
Rage mata baki. Sa shekara. Sa sunan gaɓa.
Cire wannan kalma, ita ke kwaso miki shara.”
Dubu goma sha ɗaya suka koma tara.

A taran, ɗaya ba ya gidan.
“Yana Bergen,” in ji shi, “za mu aro.
Laburare ma maƙwabta gare shi,
in gishirinsa ya ƙare yakan aika yaro.”
Kwana shida littafin ya yi a hanya,
ya iso da ɗamarar takarda a ƙugu:
a mayar kafin sha bakwai ga wata.

Shafi na ɗari biyu da huɗu, can ƙasa,
inda rubutu ke ƙanƙancewa kamar ƙwan kifi,
wani ya ambaci wata jarida da ta daɗe da mutuwa.
Suka sauka bene biyu.
Ɗakin ƙasa na warin sanyi da tsohuwar takarda.
Ya zura zaren fim a na’ura, ya nuna mata mariƙi:
“Juya a hankali. Shekaru ba sa son gaggawa.”
Ya koma bakin aikinsa.

Ta juya. Farashin gishiri ya wuce.
Ɗaurin aure ya wuce, da cigiyar akuya,
da wani da ke sayar da keken ɗinki.
Idonta ya yi yaji, wuyanta ya sage,
cikinta na kiran ciroma.
Allura cikin ruwa, aka ce, mai rabo ka ɗauka.

Sai ga Fabrairu. Sai ga guguwa.
Jiragen da ba su dawo ba, an jera su kamar bashi,
na biyar ɗinsu Terna, mutum huɗu a ciki,
na ƙarshe Ottar, ɗan shekara ashirin da shida.

A gidansu ba a faɗin sunan nan da ƙarfi.
Kakarta takan ce, “Ya fita,” ta ja bakinta,
ta ci gaba da saƙa.

Solfrid ta saki mariƙi.
Na’ura na ta gurnaninta ita kaɗai.

Da Torleiv ya leƙo, ƙarfe takwas saura,
ya ga fuskarta, bai tambaya ba.
Ya danna maɓalli, takarda ta fito da ɗuminta.
“Rubuta kwanan wata a baya,” ya ce,
“da shafi, da layi. Gobe za ki manta.”

Kofi biyu ta roƙa.
Ɗaya na babi na huɗu, zai zauna a madogara ta talatin da ɗaya.
Ɗayan ta ninke shi huɗu, ta sa a aljihun ƙirji,
ta fita cikin duhun da bai san dare daga rana ba,
tana lissafin motar da ke zuwa ƙauye ran Asabar,
da ko tsohuwa za ta so a karanta mata,
ko kuwa a bar ta da saƙarta.